Tabon Rana na raguwa: gangarar zagaye ce ko dogon barci ke tafe?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Ana ta yaɗa wani rubutu cewa baƙaƙen tabban da ke fuskar Rana na raguwa, wai zuwa shekarun 2030 za su ɓace ƙurmus, duniya ta faɗa cikin sanyi irin na ƙarni na 17. Jadawalin da aka liƙa ya nuna layi na gangarowa tun ƙarshen 2024. Don Allah wace irin raguwa ake nufi, kuma da me ake auna ta?

Malamar Falaki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Raguwa iri uku ce ake cakuɗawa a irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma sai an raba su kafin magana ta miƙe.

Ta farko gangarar da ke cikin kowane zagaye. Yawan tabo na hawa ya sauka a cikin kimanin shekara 11, wani zagayen ya gajarce zuwa 9, wani ya kai 13 ko 14. Heinrich Schwabe ne ya gano haka a Jamus, ya bayyana a 1843 bayan shekara 17 yana zana fuskar Rana. Ana lissafin zagayen daga 1755, yanzu muna cikin na 25, wanda ya fara a Disambar 2019 ya kai ƙololuwa a Oktobar 2024. Saboda haka layin da kika ga yana sauka, dole ne ya sauka. Hawa kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, sauka shida zuwa bakwai. Ana sa ran kaiwa ƙasa wajen 2030.

Ta biyu raguwar ƙarfi daga zagaye zuwa zagaye. Na 21 ya tsaya a kusan 233, na 22 a 212, na 23 a 180, na 24 a 116. Bayan na 21, zagaye uku a jere kowanne bai kai wanda ya gabace shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya haifi tsoron. Sai dai na 25 ya kai kusan 161, ya karya jerin.

Ta uku dogon barci, irin wanda aka yi daga 1645 zuwa 1715, da ake kira da sunan masanin falaki Maunder, lokacin da aka riƙa shafe shekaru ba a ga tabo ba sai jefi-jefi. Rubutun da kika gani ya ɗauki jadawalin ta farko ya yi da'awar ta uku.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode Malama. To 161 ɗin nan, tabo 161 ke nan aka ƙirga?

Mai Ƙirgan Tabo:
A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. Lambar ba yawan tabo ba ce kai tsaye. Rudolf Wolf ya tsara ta a 1848: a ƙirga rukunoni a ninka da 10, a haɗa da yawan ɗaiɗaikun tabbai. In yau akwai rukuni 4 masu ɗauke da tabo 23 gaba ɗaya, lamba ita ce 40 da 23, wato 63. Tabo ɗaya tilo a fuskar Rana yana ba da 11, domin shi kansa rukuni ne. Shi ya sa lambar mai ƙirga guda ba ta faɗa tsakanin 1 da 10, daga sifili sai 11.

Ki lura da abin da wannan ke jawowa. Katon rukuni guda mai tabo 30 lambarsa 40. Ƙananan ɗigo uku a warwatse, waɗanda ba su iya komai ba, lambarsu 33. A takarda sun yi kusa, a aiki kuwa bambancinsu ya fi na rijiya da kogi.

Bayan haka kowane mai ƙirga yana da nasa ma'aunin gyara da ake kira k, saboda madubin hangen nesa ya bambanta, ido ya bambanta, iska ta bambanta. Cibiyar SILSO da ke Burasel a Beljiyam ce ke tattara rahotannin tashoshi ta fitar da lamba ɗaya ta duniya. Lambar da ake kiran ƙololuwa da ita matsakaicin wata 13 ne: watan da ake nema a tsakiya, shida gaba, shida baya, na farko da na ƙarshe a ba su rabin nauyi, a raba da 12. Ke nan ba za a san lambar Janairu ba sai Yuli ya ƙare. Wata ɗaya kan yi tsalle sosai, kamar Agustan 2024 da ya haura 200. Duk wanda ya fara jadawalinsa daga wannan watan zai sami gangara mai ban tsoro ba tare da ya yi ƙaryar lamba ko ɗaya ba.

Injiniyan Tauraro:
Malam, ka ƙara musu da batun gyaran 2015. Yana ruɗa mutane ƙwarai.

Mai Ƙirgan Tabo:
Haka ne Injiniya. A Yulin 2015 SILSO ta sake jerin gaba ɗaya. An cire tsohon ninkin 0.6 da aka gada daga tsohuwar cibiyar ƙirga ta Zurik, sai duk lambobi suka tashi. Zagaye na 24 a tsohon ma'auni kusan 82 ne, a sabo 116. An kuma gyara kumburin da ya shiga tun wajen 1947, lokacin da aka fara ba manyan tabbai nauyi fiye da ɗaya a ƙirga. Wanda ya haɗa sabuwar lambar tsohon zagaye da tsohuwar lambar sabon zagaye zai ga faɗuwar da ba ta faru ba. Kafin a kwatanta lambobi biyu a tambaya: daga wane jeri kowacce ta fito?

Mai Tababa:
Duk na ji, amma kada mu yi saurin rufe littafi. Zagaye ɗaya da ya ɗan farfaɗo bai isa hujja ba. 161 har yanzu bai kai 180 na zagaye na 23 ba, balle 285 na 1958. A 2008 da 2009 an yi fiye da kwana 260 kowace shekara babu tabo ko ɗaya, 2019 ma haka. Sannan akwai aikin William Livingston da Matthew Penn a Kitt Peak ta Arizona. Sun auna ƙarfin maganaɗisu a tsakiyar tabbai suka ga yana sauka da kimanin gaus 50 a shekara (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Ƙasa da gaus 1,500 tabo ba ya yin baƙi. Wannan awo ne aka yi da na'ura, ba jita-jita ba.

Malamar Falaki:
Awo ne na gaske Malam, kuma mutanen ƙwararru ne. Amma mu bi abin da ya biyo baya. Da layin nasu ya ci gaba da tafiya a miƙe, zagaye na 25 da kusan babu shi. Ga shi ya fi na 24 da kusan kashi 40 cikin 100, kuma a Mayun 2024 ya fitar da rukunin da ake gani ba tare da madubi ba, da tabaran kallon husufi kawai.

Inda matsalar ta shiga wuri biyu ne. Na ɗaya, yawancin awon ya faɗo ne a gangarar zagaye na 23, lokacin da dama ƙarfin kan ragu. An ja layi miƙaƙƙe a kan abin da ke lanƙwasa. Na biyu, yawan ƙananan tabbai da aka riƙa saka wa cikin awon ya ƙaru a shekarun baya-baya, ƙaramin tabo kuwa maganaɗisunsa ba shi da ƙarfi, sai matsakaici ya sauka ko da manyan ba su canza ba. Da aka ware manyan kaɗai, sai aka ga suna hawa da sauka tare da zagaye.

Inda nake tare da kai shi ne: zagayen 24 da 25 ba su kai na tsakiyar ƙarni na 20 ba. Amma wannan ya yi kama da abin da aka gani a farkon ƙarni na 19 da farkon na 20, jerin raunanan zagaye da ke dawowa bayan kimanin shekara 80 zuwa 100. Zagaye na 14, wanda ya kai ƙololuwa a 1906, bai ma kai na 24 ba, kuma bayan shekara hamsin aka sami mafi ƙarfi a tarihin ƙirga.

Mai Tababa:
To in haka ne, me zai nuna mana ƙarfin na 26? Kwamitin NASA da NOAA, hukumomin sararin samaniya da na yanayi na Amurka, ya ce na 25 zai tsaya a 115 a Yulin 2025. Ya kuskure lamba, ya kuskure lokaci.

Malamar Falaki:
Ya kuskure, babu musu. Ga abin da ya fi amintuwa, kuma sai na ɗan yi bayanin injin kafin a gane dalili.

Rana ba dunƙulen abu mai tauri ba ce. Ƙugunta na kammala juyi a kusan kwana 25, kusa da ƙuryoyinta na arewa da kudu kusan 35. Layukan maganaɗisu da ke miƙe daga arewa zuwa kudu suna daskare a cikin iskar gas mai zafi, sai ƙugu ya riƙa jan su gaba yana naɗe su a jikin Rana kamar zare a mazari. In naɗin ya yi ƙarfi, wani sashe ya taso ya huda fuska kamar baka. Inda ya fito da inda ya koma su ne tabo biyu, ɗaya mai alamar arewa ɗaya mai ta kudu. Ƙarfin wurin kan kai gaus 2,000 zuwa 3,000, na doron duniyarmu kuwa kusan rabin gaus ne. Wannan ƙarfin ke danne tafasar da ke kawo zafi daga ciki, sai wurin ya tsaya a kusan digiri 3,500 na Salshiyos alhali kewayensa na kusan 5,500. Baƙin da muke gani na kwatanci ne, da za a ciro tabon a rataye shi shi kaɗai da dare, zai fi cikakken wata haske nesa ba kusa ba.

George Ellery Hale ne ya fara auna maganaɗisun tabo a 1908 a Dutsen Wilson. Daga baya shi da abokan aikinsa suka ga tsarin: tabon da ke gaba a rabin arewa alamarsa kishiyar ta rabin kudu ce, kuma kowane sabon zagaye tsarin na juyewa. Ke nan cikakken zagayen maganaɗisu shekara 22 ne. Kuma kowane rukuni na ɗan karkacewa, na gaba ya fi kusa da ƙugu. In rukunin ya tsufa ya watse, ragowar na baya kan kwarara zuwa ƙurya, ya kashe tsohon maganaɗisun wurin, ya gina sabo mai kishiyar alama. Wannan sabon shi ne irin da za a naɗe a zagaye mai zuwa.

Saboda haka a auna ƙarfin maganaɗisun ƙuryoyi a daidai lokacin da zagaye ya kai ƙasa. Tashar Wilcox ta Jami'ar Stanford ta fara wannan awo a 1976. Da wannan hanyar Leif Svalgaard da abokansa suka ce a 2005 zagaye na 24 zai kai kusan 75 a tsohon ma'auni, ya zo 82, alhali wasu lissafe-lissafen na cewa zai fi na 23 ƙarfi. Amma hanyar ba ta hango nesa. Sai saura shekara biyu ko uku a kai ƙasa take fara magana mai ma'ana, kuma zagaye ɗaya kawai take gani. Rukuni ɗaya babba da ya fito a karkace ba bisa ƙa'ida ba kusa da ƙugu na iya rage irin sosai, kuma ba a hango fitowarsa. Duk wanda ya ba ka lambar 2040 ko 2050 da tabbaci ya wuce abin da kimiyyar ta mallaka.

Injiniyan Lantarki:
Ni abin da ke damuna da kalmar "raguwa" daban ne. Mutane na jin ta su ɗauka haɗari ya wuce. A ɓangaren layukan wuta ba haka ba ne ko kaɗan. Guguwar maganaɗisu ta Mayun 1921 ta zo kusan shekara huɗu bayan ƙololuwar 1917. Ta ƙarshen Oktoban 2003 ta zo shekara biyu bayan ƙololuwa, ta ɗauke wuta a Malmo ta Suwidin, kuma manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu suka riƙa lalacewa a watannin da suka biyo baya. Walƙiyar fuskar Rana mafi ƙarfi a zagaye na 24 ta tashi ne ranar 6 ga Satumbar 2017, fiye da shekara uku bayan ƙololuwa, lokacin da lambar tabo ta riga ta yi ƙasa sosai.

Yadda ɓarnar ke faruwa: Rana ta yi aman gajimaren gas mai maganaɗisu, ya iso cikin kwana ɗaya zuwa huɗu. In maganaɗisun gajimaren ya fuskanci kudu, sai ya haɗe da namu ya girgiza shi. Saurin canjin ne ke haifar da lantarki a cikin ƙasa, ba girman canjin kaɗai ba. Wannan lantarkin ya nemi hanya mai sauƙi, ya shiga ta wayar da aka binne a ƙasa daga tsakiyar taransifoma, ya bi dogon layi, ya fita ta wata tashar. Kusan wuta ce mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, taransifoma kuwa an gina shi don mai kai-da-komo. Sai ƙarfen cikinsa ya ƙoshi a rabin kowane kaɗawa, ya fara gurnani, ya yi zafi a wuraren da ba a tsara su yi zafi ba, ya gurɓata wutar da yake fitarwa, na'urorin kariya su ga kamar matsala ce su yanke. Haka ta faru a Kibek ta Kanada da asubahin 13 ga Maris 1989. Cikin kusan minti ɗaya da rabi layin ya rushe, mutum miliyan shida suka yi awa tara babu wuta. Dogayen layuka da ƙasa mai dutse wadda ba ta shan lantarki su suka tsananta abin.

Abin yi ba boyayye ba ne: ma'aunin wuta a kan wayar ƙasan manyan taransifomomi, rage lodi da dakatar da gyaran layuka in an ba da gargaɗi, sannan gwada man taransifoma bayan guguwa don ganin ko gas ya ƙaru a ciki. Na ƙarshen nan ake yawan sakaci da shi, ɓarnar kuwa sau da yawa a ɓoye take, sai bayan watanni ta bayyana.

Ɗalibar Kimiyya:
Injiniya, gargaɗin na zuwa da wuri?

Injiniyan Lantarki:
Tashin aman ana ganinsa da kwana ɗaya ko fiye. Amma ko ya fuskanci kudu ko arewa, sai ya wuce ta taurarin ɗan'adam da ke tsaye tsakaninmu da Rana, kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Daga nan saura minti 15 zuwa awa ɗaya.

Injiniyan Tauraro:
Ƙaramin gyara kan walƙiyar 2017. An rubuta ta X9.3 a lokacin (X shi ne ajin walƙiya mafi ƙarfi), amma da NOAA ta koma sababbin taurarinta na GOES masu auna walƙiyar ta cire wani tsohon ninki, lambobin da suka tashi da kusan kashi 43 cikin 100. A ma'aunin yau ta haura X13. To wanda ya ajiye ta kusa da X9.0 ta 3 ga Oktobar 2024 ya ce kusan ɗaya suke, bai yi daidai ba. Irin tarkon lambar tabo ne.

A wajenmu gangara na kawo nata ciwon. Ramukan korona, wato wuraren da ke iskar saman Rana inda maganaɗisu ya buɗe zuwa sarari, kan faɗaɗa su sauko kusa da ƙugu. Daga cikinsu iskar Rana ke fita da gudun kilomita 600 zuwa 800 a daƙiƙa maimakon 400 da aka saba. Ramin kan yi watanni, saboda haka duk kwana 27 ya sake juyowa ya fuskance mu. Ba guguwa ce mai tsanani ba, amma tana daɗewa, tana cika ɗamarar maganaɗisu da ke kewaye da duniya da elektron masu ƙarfi. Su ratsa bangon tauraro su taru a cikin robar wayoyi da allunan lantarki, kwana biyu, kwana uku, sai tartsatsi ya tashi a ciki. Haka taurarin sadarwa Anik E1 da E2 na Kanada suka rikice a rana ɗaya, 20 ga Janairun 1994, kuma babu wani babban tabo da za a ɗora wa laifi.

Gefen alheri shi ne jan iska. Saman sararin duniya na kumbura in Rana ta yi ƙarfi, kaurin iska a tsayin kilomita 400 kan bambanta da kusan ninki goma tsakanin ƙasa da ƙololuwa. Kumburin ne ya gaggauta faɗowar tashar sararin samaniya ta Skylab a Yulin 1979, kuma ƙaramar guguwa ce ta cinye 38 daga taurarin Starlink 49 da aka harba a Fabrairun 2022. In zagaye ya sauka, tauraro na ƙasa-ƙasa ya huta da ƙona mai. Sai dai tarkace ma ya huta da faɗowa, ya daɗe yana yawo.

Gajeren Zango:
Mu masu rediyo mun fi kowa jin raguwar a kunne. Hasken Rana mai ƙarfi ne ke caje iskar da ke tsayin kilomita 250 zuwa 400, ita ke mayar da igiyar gajeren zango ƙasa. In cajin ya kai elektron tiriliyan ɗaya a kowane gurbi mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, igiyar da ta tashi tsaye za ta dawo har zuwa megahaz 9. Wadda ta tashi a kwance don tsallen kilomita 3,000 kuwa, a ninka da kusan uku. Caji ya ragu, rufin ya sauko.

A aikace zangon mita 10 da na mita 13 ke fara yin shiru, mita 16 ta koma ta tsakar rana kawai, mita 19 ta riƙa rufewa da wuri bayan magariba. Aiki ya koma mita 25, 31, 41 da 49. Tashoshin duniya na sauya jadawali sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kuma a shekarun gangara za ku ga suna saukowa. Kada a zargi akwati. Mai eriyar waya biyu ya tuna lissafin: 143 a raba da megahaz ya ba da tsawon duka a mita. Ta megahaz 28 mita 5 ce, ta megahaz 7 kusan mita 20, don haka a nemi fili tun yanzu.

Kuma ni na fi amincewa da awon igiyar rediyo mai santimita 10.7 da Rana ke fitarwa a kan lambar tabo. Kanada ke auna ta tun 1947, yanzu daga Penticton. Na'ura ce, ba ido ba, gajimare bai hana ta. Kusan 65 zuwa 70 a ƙasa, sama da 200 a ƙololuwa.

Mai Ƙirgan Tabo:
Don aikinka ta fi, na yarda. Amma ita shekarunta ba su kai 80 ba, tabo kuwa ana zana shi tun 1610. Tambayar da 'yar'uwarmu ta kawo ta ƙarnuka ce, ba ta amsuwa sai da jerin da ya kai ƙarnuka. Shi ya sa har gobe ake ƙirga da ƙaramin madubi, da gangan, don na yau ya yi daidai da na da.

Mai Tababa:
Mu koma kan sanyi. Lokacin Maunder ya faɗo cikin shekarun da Turai ta sha sanyi. Ba za a ce babu alaƙa ba.

Masanin Yanayi:
Akwai alaƙa, amma ƙarama ce, kuma ana iya auna ta. Tun 1978 taurari ke auna hasken Rana daga sama: kusan wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita. Tsakanin ƙololuwa da ƙasa bambancin kusan kashi ɗaya cikin dubu ne, a ce wat 1.3. A raba da huɗu saboda duniya ƙwallo ce, rabinta na cikin dare, a cire kashi 30 cikin 100 da gajimare da ƙanƙara ke mayarwa. Saura ƙasa da rubu'in wat. Iskar kabon da aka ƙara tun 1750 ita kaɗai ta haura wat 2, kuma ita taruwa take, ba ta komawa bayan shekara 11.

A 2010 Georg Feulner da Stefan Rahmstorf na Potsdam sun gwada a lissafi: in sabon Maunder ya zo a wannan ƙarni fa? Sanyin da zai kawo zuwa 2100 bai wuce digiri 0.3 ba a mafi tsananin zato. Kuma sanyin wancan zamani ya fara tun ƙarnuka kafin 1645, ya ci gaba bayan 1715. Duwatsu masu aman wuta na da babban kaso: Samalas a 1257, Huaynaputina a 1600, Tambora a 1815. A duba kusa ma: zagayen Rana na ƙasa ƙwarai a 2019 da 2020, kuma shekarun biyu na cikin mafi zafi da aka auna zuwa lokacin.

Inda maganarka ke da ƙarfi, Malam, shi ne hasken da ya wuce shuɗi wanda ido ba ya gani. Shi canjinsa ya fi na jimillar girma sosai, yana taɓa iskar ozon a sama, kuma akwai alamun yana karkata iskar hunturu a arewacin Turai. Wannan sake rabon sanyi ne tsakanin yankuna, wani wuri ya ƙara wani ya rage.

Ɗalibar Kimiyya:
Wani abu ya ɗaure mini kai. Tabo baƙi ne kuma ya fi sanyi. Ashe ba in sun yi yawa ne ya kamata haske ya ragu ba?

Masanin Yanayi:
Na 'yan kwanaki, e. Babban rukuni in yana ratsa tsakiyar fuska yakan rage haske, na Oktoban 2003 ya rage da kusan kashi uku cikin dubu. Amma tare da tabbai akwai fararen filaye masu ƙarin haske, sun fi tabban faɗi, sun fi su daɗewa. A jimillar shekara su ke rinjaye, shi ya sa Rana ta fi haske a ƙololuwa.

Ɗalibar Kimiyya:
Mutum zai iya bin gangarar nan da kansa?

Mai Ƙirgan Tabo:
Ƙwarai, amma fara da wannan: ba a kallon Rana ta cikin madubin hangen nesa ko tabaran hange ba tare da matatar da aka yi don haka ba, ko na ƙiftawar ido. Ƙwayar ido ba ta jin zafin ƙuna, sai bayan awanni mutum ya ga duhu a tsakiyar ganinsa. Baƙin tabarau, gilashi mai hayaƙi, tsohon fim, duk ba kariya ba ne. Ƙaramar matatar da ake murɗawa a gilashin ido ta fi duka haɗari, tana zaune inda zafi ya taru, takan tsage ba gargaɗi. Matata ta gaskiya a bakin madubi take, ta gaba, a ɗaure yadda iska ba za ta cire ta ba. Tabaran husufi masu lambar ISO 12312-2 na ido tsirara ne kawai, ba a haɗa su da madubi.

Hanya mafi aminci ita ce jefa hoton a takarda. A sami madubi mai gilashi a gaba, faɗin milimita 60 zuwa 80. A rufe ƙaramin madubin saiti ko a cire shi. Gilashin ido ya zama mai sauƙi, mara roba a ciki, mara gilasai da aka manne da gam, domin zafi na narkar da su. Kada a yi da madubi mai rufaffen baki da madubin ciki, zafin na taruwa a cikinsa. A nemo Rana da inuwa: a juya bututun har inuwarsa a ƙasa ta zama mafi ƙanƙanta. A zana da'ira mai faɗin santimita 15 a farar takarda. Da madubi mai ninka 40, takardar za ta tsaya kusan santimita 40 daga gilashin ido. A sa kwali a jikin bututu ya yi wa takardar inuwa, in ba haka ba hoton zai dushe. Girman Rana na canzawa da kusan kashi 3 cikin 100 tsakanin Janairu da Yuli, sai a riƙa matsar da takardar har hoton ya cika da'irar daidai.

Don gane gabas da yamma, a bar madubin tsaye a ga inda hoton ke zamewa, can ne yamma. Rana na wuce faɗin kanta a cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu. A bi tabo ɗaya a ɗiga masa alama sau biyu, a haɗa da layi. A wannan da'irar milimita ɗaya kusan kilomita 9,300 ce, duniyarmu ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba.

Kurakuran da aka fi yi: ƙura a gilashi ta yi kama da tabo, to a ɗan taɓa bututun, tabo zai motsa tare da Rana, ƙura ta tsaya. Kallo da tsakar rana ko ta saman rufin da ya ɗau zafi, hoto ya riƙa rawa ƙananan tabbai su ɓace, gara awa ɗaya ko biyu bayan fitowar Rana. Barin bakin madubi a buɗe da daɗewa, a riƙa rufewa bayan kowane minti ɗaya ya huce. Kuma ba a barin madubin a saite a tafi, musamman inda yara suke. Wajen raba rukunoni, abin da ya yi nisan fiye da digiri 10 da ɗan'uwansa galibi rukuni ne daban, kuma kuskure ɗaya a nan maki goma ne. A riƙe madubi ɗaya, girma ɗaya, lokaci ɗaya, don k ya zauna. Ranar da ba a ga komai ba a rubuta sifili, ranar gajimare a bar gurbi. Haɗa biyun nan na lalata matsakaicin wata.

Malamar Falaki:
Ki kuma riƙa rubuta nisan kowane rukuni daga ƙugu, ya fi lambar kanta faɗin inda zagaye yake. Tabban farkon zagaye na fitowa a digiri 25 zuwa 35 arewa da kudu, su riƙa matsowa shekara bayan shekara, na ƙarshe su tsaya a digiri 5 zuwa 10. In aka jera su a jadawali sai su fitar da fukafukan malam-buɗe-littafi, kamar yadda Maunder ya fara zanawa a 1904. Ki tuna ƙugun Rana ba ya kwance daidai da layin gabas da yamman takardarki, karkatar na kaiwa digiri 26 a Afrilu da Oktoba, sai an gyara da jadawalin ranar.

Ranar da kika ga ƙaramin tabo can sama da digiri 25 alhali sauran na kusa da ƙugu, buɗe hoton maganaɗisu na tauraron SDO, mai ɗaukar hoton Rana, na wannan rana. A zagaye na 25 tabon da ke gaba a rabin arewa fari yake fitowa a hoton, na baya baƙi. In kika ga na gaba baƙi a arewa, ko fari a kudu, kuma yana can nesa da ƙugu, to ɗan zagaye na 26 ne.

Mai Ƙirgan Tabo:
Sai dai kada ta yanke hukunci da guda ɗaya, Malama. Kaɗan daga rukunoni kan fito a juye a kowane lokaci, shi ya sa sai alamar da nisan sun haɗu. Zagayen biyu kan yi shekara ɗaya zuwa biyu suna tare, tsoho a ƙugu, sabo a sama, kuma wajen watan da sababbin suka fara rinjayar tsofaffin ne ake samun ƙasan zagaye.